Tayar baya ta kumbura a BMW 335i: in sa ta hannu mai lamba iri ɗaya, ko in sauya duka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da BMW 335i mai ƙofa biyu, nan Maradi nake hawanta, wani lokaci in je Yamai ko Damagaram. Tayoyin da ta zo da su Bridgestone ne, irin masu tafiya ko ba iska, 225/40 R18 a gaba, 255/35 R18 a baya. Na faɗa rami, ta baya ta dama ta yi ƙululu a gefe, ta hagu kuma ta ci rabi. Wani mai sai da tayoyi ya samo mini ta hannu ƴar Turai, lambarta 255/35 R18 daidai, zanenta da saura sosai, sai dai kamfaninta daban ne, ba mai tafiya ba iska ba ce, kuma akwai hoton dutse da wani abu kamar tauraro a jikinta. In sa ta? In ba haka ba, wace iri zan saya, kuma ana iya gaurayawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tayar da aka samo maka, ka mayar wa mai ita, kada ta hau motarka ko na kwana ɗaya. Wadda ta yi ƙululu kuma ta gama aiki. A cikin gefen taya akwai zaruruwa da aka jera, su ke riƙe da iska. Idan janti ya matse gefen a bakin rami, zaruruwan sukan tsinke, iska ta turo robar waje, shi ne kumburin da kake gani. Babu facin da ke ɗinke wannan. Mai faci na iya toshe hudar ƙusa a tsakiyar zane in ba ta wuce milimita 6 ba, amma gefe ba ya gyaruwa, ko an gasa shi an lafta masa roba ta ciki. Har ka samu madadinta, iyakarka cikin gari a hankali. Kada ka kama hanyar Tasawa ko ta Gidan Rumji da ita.

Mai tayoyin bai yi maka ƙarya ba da ya ce lamba ɗaya ce. 255 faɗin taya ne a milimita, 35 na nufin tsayin gefenta kashi 35 cikin ɗari ne na faɗin, R ginin radiyal ne, 18 kuma girman janti ne a inci. Lambar ta gaya maka tayar za ta zauna a jantinka, nan ta tsaya. Ba ta ce komai ba a kan irin robar, ko taurin gefen, ko yadda zanen ke korar ruwa, ko zafin da tayar ke iya ɗauka, alhali waɗannan ne ke riƙe mota a kwana da lokacin burki.

Hoton da ka gani, dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya, shaida ce cewa an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara ta ci gwajin. Je ka duba zanenta kusa-kusa: in ka ga kowane haƙori an tsattsaga shi da ƙananan layuka masu lanƙwasa, ka danna da babban yatsa ka ji yana lotsawa, to tayar hunturun Turai ce. An haɗa robarta don ta zauna da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. A Jamus tun 2010 doka ta tilasta sa irinta idan ƙanƙara ta rufe hanya, a Ostiriya kuma ba a lissafa ta a matsayin tayar hunturu in zanenta ya gaza milimita 4. Don haka mutanen can sukan cire ta tun tana da sauran zane, a loda ta a jirgi, ta iso kasuwanninmu tana ɗaukar ido. Yanzu ka ɗora wannan robar a kwaltar Maradi a watan Afrilu ko Mayu, iska ta haura digiri 40, kwaltar kanta da tsakar rana takan haura 60. Robar da aka yi don sanyi sai ta saki jiki, haƙoran su riƙa murɗewa ƙarƙashin nauyi, burki ya ƙara tsawo, sitiyari ya yi sako-sako, zanen nan da ya burge ka kuma ya narke cikin ɗan lokaci. Yawancinsu ma harafin gudunsu H ne ko V, ƙasa da abin da motarka ke buƙata. Akwai tayoyin kowane yanayi da su ma ke ɗauke da wannan hoton, sun fi na hunturu zalla jure zafi, amma a ƙasar da ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba babu abin da za ka ci da su. Tamu ita ce wadda Turawa ke kira tayar bazara, ita muke hawa shekara zagaye.

Ko da ba ta hunturu ba ce, akwai matsala ta biyu, kuma ta fi ta farko girma a wurina. Tayar da ke tafiya ko ba iska gefenta mai kauri ne da tauri, shi ya sa take iya ɗaukar mota bayan ta sace, galibi har kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Tayar yau da kullum gefenta na lanƙwasawa. In ka sa mai tauri a hagu mai laushi a dama, ka ɗaura sa da jaki a karkiya ɗaya: kowa na ja da nasa ƙarfi da nasa taki, garmar kuma ba za ta miƙe ba. A kwanar dama nauyi na komawa kan ta hagu, motar ta amsa nan take. A kwanar hagu nauyi na komawa kan ta dama, ta ɗan kwanta tukuna sannan ta kama. Mota ɗaya ta zama tana da hali biyu, hannunka kuma ba zai taɓa sabawa da ita ba.

Ka tuna irin motar da kake hawa. Injinta doki 306 ne, duk ƙarfin kuma ƙafafun baya biyu yake sauka. Idan ka taka mai, ƙafar da riƙonta ya fi rauni ita ke fara wulwulawa. Akwai na'ura a kowace ƙafa mai ƙirga juyinta, kwamfutar motar na karanta ƙirgar, da ita ABS da DSC, na'urorin hana ƙafa ƙullewa da hana mota zamewa, ke yanke shawarar wace ƙafa za a kama wa burki idan mota ta fara zamewa. An saita wannan lissafin ne bisa cewa hagu da dama girmansu ɗaya, riƙonsu ɗaya. Sabuwar taya zanenta yakan kai milimita 7 zuwa 8, wadda ta ci rabi tana wajen 4, ga bambancin kamfani, domin tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfani daban ba lalle zagayensu ya zo daidai ba. Kwamfuta za ta yi ƙoƙarinta, amma ba ta iya ƙirƙiro riƙon da roba ba ta da shi.

Abin da ke sa mutane raina wannan magana shi ne, a ranar lafiya ba a jin komai. Ka fita daga unguwar Zariya ka je kasuwa ka komo, motar lafiya lau. Ranar da abin ke fitowa ita ce ranar ruwan farko, lokacin da ƙurar rani da baƙin man da manyan motoci suka ɗiɗɗiga suka haɗu suka yi santsi a kan kwalta. Ko kwanar da ruwa ya kwaso rairayi ya shimfiɗa. Ko da magariba tsakanin Cadawa da Age, garken shanu ya ɓullo daga gona, ka taka burki kana kauce wa lokaci ɗaya. A wannan daƙiƙar ake biyan kuɗin da aka rage a kasuwa, kuma sau da yawa ba direba kaɗai ke cikin motar ba. Allah Ya kiyaye.

To ana gaurayawa ko ba a yi? A ƙafafu biyu na layi ɗaya, hagu da dama, ba a yi ko kaɗan: kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, girma ɗaya, zane kusan ɗaya. Tsakanin gaba da baya akwai ɗan sassauci. Kana iya hawa da kamfani ɗaya a gaba wani a baya, muddin duka huɗun na bazara ne, gininsu iri ɗaya ne, kuma lambar nauyi da harafin gudu sun kai abin da aka rubuta wa motar. Ni dai ba na son haka a mota mai ƙarfi irin taka, amma ba zan ce maka ganganci ba ne. Abin da ba na yarda da shi shi ne masu tafiya ba iska a gaba, na yau da kullum a baya, ko akasin haka. Masu ƙera motar ma sun hana. In kuma taka mai ja da ƙafa huɗu ce, wadda aka rubuta wa xDrive ko xi, sassaucin ya ƙara raguwa, don bambancin zagaye tsakanin gaba da baya yana cin akwatin da ke raba ƙarfi, gyaransa kuwa ya fi kuɗin tayoyi huɗu.

Wata al'ada da ta zauna a garejojinmu ita ce a ce sabuwar taya gaba ake sa ta, tunda nan sitiyari yake. Manyan kamfanonin taya akasin haka suke koyarwa, kuma suna da gaskiya. Idan gaba ya rasa riƙo, motar kan ƙi juyawa ta miƙe, direba ya ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa daga mai, ta dawo. Idan baya ya rasa riƙo, gindin motar ne ke kwashewa ya zagayo gaba, kafin ka ankara kana kallon inda ka fito. Ƙalilan ne ke iya tare wannan. Don haka mafi kyawun biyun baya suke zama, ko a motar da ke ja da gaba. Kai taka ma ba ta ba ka zaɓi ba, tunda na baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su.

Ga yadda zan yi in ni ne. Hanya mafi sauƙin kuɗi: sababbi biyu a baya, masu tafiya ba iska, in da hali samfurin da ke gaba. Ta hagun da ta ci rabi ka ajiye ta a gida cikin inuwa don ranar larura. Kowane kamfani da alamarsa ta wannan iri: Bridgestone kan rubuta RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Goodyear ROF, kuma in ka ga ƙaramin tauraro mai tsini biyar, alamar BMW ce cewa an yi tayar don motocinta, kamar yadda Mercedes ke da MO, Audi ke da AO.

Hanyar da na fi so ga mai zama a nan ita ce a sauya duka huɗun lokaci ɗaya zuwa na yau da kullum. Sun fi samuwa, sun fi sauƙin kuɗi, sun fi taushi a kan tudun rage gudu da gargada, kuma mai faci na bakin hanya zai iya cire su. Mai taurin gefe sai da injin cirewa, in aka sa mata ƙarfe da guduma janti ne ke shan wuya. Amma da sharaɗi. Wannan motar ba ta zo da safaya ba, an dogara ne ga tayoyin da ke tafiya ba iska. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 600, kuma a ƙauyukan hanya ba za ka samu 255/35 R18 ba. Don haka sai ka nemi safaya da ta dace da ƙusoshin ƙafarka, da jak, da sifana, da ɗan famfon iska mai aiki da batirin mota, su zauna a but. In ba za ka ɗauki wannan kaya ba, zauna a kan irin da ta zo da shi.

Akwai kuma shawarar da samari ba su cika so ba, don janti babba ya fi kyau a ido: ka sauka zuwa inci 17. BMW da kanta ta fitar da wannan jerin motoci da 225/45 R17 a gaba, 255/40 R17 a baya. Yi lissafi ka gani. Gefen 225/40 milimita 90 ne, na 225/45 kuwa wajen 101. A baya daga 89 ka koma 102. Tsayin ƙafa gaba ɗaya bai sauya ba, yana nan tsakanin milimita 634 da 637, don haka agogon gudu da kwamfuta ba su san an yi komai ba. Ƙarin santimita ɗaya na roba tsakanin janti da bakin rami, sau da yawa shi ne bambancin ka ji ƙara ka wuce da ka tsaya neman taya. Sai dai a gwada jantin a ƙafar gaba tukuna a tabbatar bai taɓa burki ba, don faifan burkin 335i babba ne. Abin da ba a yi shi ne a ƙara tsayin gefe a kan janti 18. Za a ce maka ga 245/40 R18, ai kusan ɗaya ne. Tsayinta ya kai milimita 653, ya ɗara naka da kusan kashi 3 cikin ɗari; in ka sa ta a baya kaɗai, gaba da baya sun daina juyi tare, agogo ya riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda liƙe a jikin ginshiƙi, girman da aka yarda wa motar da iskar kowanne suna nan.

Bayan girman akwai lamba da harafi, misali 90W ko 94Y. Lambar nauyi ce: 88 na ɗaukar kilo 560, 90 kilo 600, 92 kilo 630, 94 kilo 670. Harafin gudu ne: H 210, V 240, W 270, Y 300. Za ka ce wa zai yi 270 a hanyar Damagaram? Babu, kuma kada ka gwada. Amfanin harafin a wurinmu zafi ne: tayar da aka gina don babban gudu an gina ta ne ta jure zafin da ke taruwa a cikinta. Kada ka sauka ƙasa da W. In ka koma na yau da kullum, nemi masu XL, alamar ƙarin ɗaukar nauyi, wato 92 a gaba 94 a baya, gefensu ya fi ƙwari. A yawancin tayoyi za ka ga an rubuta Temperature da harafi a gabansa. Harafin A kake nema.

Batun suna ba zan daɗe a kai ba. Michelin Pilot Sport 4 ko 5, Goodyear Eagle F1 Asymmetric, Continental, Pirelli P Zero, Bridgestone Potenza, duk sun dace da motar. In aljihu bai kai ba, Hankook Ventus, Kumho Ecsta da Falken Azenis ba abin rainawa ba ne, kuma huɗu sababbi iri ɗaya daga waɗannan sun fi mini Michelin ɗaya da baƙi uku. Ka guji na filin tsere irin Pilot Sport Cup 2. Zanensu kaɗan ne, damina ba ta yi musu daɗi. In tayar na da takardar Tarayyar Turai liƙe, wadda aka fara sawa a 2012 aka sabunta a 2021, duba harafin riƙon jiƙaƙƙiyar hanya, ka tsaya a A ko B. A ƙiyasinsu, tsakanin mafi kyau da mafi rauni tazarar burki na iya kai mita 18 a gudun kilomita 80. In ba a samu girmanka a gari ba, ka sa a kawo maka daga Yamai ko Kano, ka jira. Jiran mako ya fi sa abin da bai dace ba.

Na san ba kowa ke iya sabuwa ba, kuma ban ce duk ta hannu guba ce ba. In dole ce, biyu za ka saya, tagwaye, kuma kai da kanka za ka duba, ba yaron gareji ba. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi har ƙarshen layin, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci gefe ɗaya kaɗai take, sai ka juya tayar. In wurin ya yi kama da an kankare ko an goge, ajiye ta. Michelin na cewa bayan shekara 5 a riƙa duba taya kowace shekara, a shekara 10 a cire ta ko zanenta na nan. Masu ƙera motoci da yawa shekara 6 suke faɗa. Da zafin ranarmu, ni ba na sa wa mota irin taka wadda ta wuce shekara 4 ranar saye. In kana ƙetarawa ta Ɗan Isa zuwa Katsina ma, jami'an kiyaye haɗurra na Najeriya sukan duba wannan lambar. Ko sabuwa ce a kanti ka karanta ta, don akwai wadda ta shekara da shekaru a jibge a rana ba a taɓa hawanta ba.

Sannan ka kai ta haske, ka buɗe bakinta da hannu biyu ka leƙa ciki. Shafa tafinka ka zagaye. In ka ji faci kusa da kafaɗa, ko ka ga layi ya zagaye cikin gefen kamar an goge shi, ko baƙin garin roba ya maƙale maka a yatsu, an yi tafiya da ita ba iska, zaruruwanta sun dahu. Danna gefen waje ka ga ko ƙananan tsaga za su buɗe baki. Duba bakin da ke kama janti ko ya yage. A cikin manyan ramukan zane akwai ƴan tudu da aka bari, tsayinsu milimita 1.6, su ne iyakar ƙarshe. In ka neme su ka rasa, ƙasan ramin kuma ya yi kaushi da alamar wuƙa, to an sake sassaƙa zanen ne da ƙarfe mai zafi don ta yi kama da sabuwa, robar da ta rage kan wayoyin ciki ba ta da kauri. Wannan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Mu da ke da damina mai ƙarfi a Agusta, ni a milimita 3 nake cewa a sauya, ba na jiran 1.6.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. In akwai kibiya da kalmar Rotation, kibiyar ta kalli inda ƙafa ke juyawa idan mota na gaba; in an rubuta Outside, wannan gefen ne waje. A sa sabon bawul, a daidaita nauyin kowace ƙafa a inji. Tunda rami ne ya jawo wannan, a juya jantin dama a duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage ta ciki, a duba shokazoba, sannan a yi saitin ƙafafu huɗu. Waɗannan motocin sukan ci taya ta gefen ciki a baya, inda ido ba ya kaiwa, don haka lokaci-lokaci ka durƙusa ka leƙa ta ƙasa.

Iska kuma da safe ake aunawa, kafin mota ta yi tafiya, da ma'aunin da ka yarda da shi. Na bakin hanya da yawa sun gaji. Duk digiri 10 na zafi kan ƙara wajen 0.1 bar a ma'aunin iska, shi ya sa in ka auna da rana bayan doguwar tafiya za ka ga ta hau. Kada ka sace ta. Masu rage iska a bazara wai don kada taya ta fashe, su ne ke jawo fashewar, domin taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasawa, lanƙwasawar kuma ita ke dafa ta daga ciki. Bayan an gama, ka shiga saitin motar ka sake kunna na'urar gargaɗin faci don ta koyi sababbin ƙafafun, in ba haka ba za ta yi ta ƙara a banza ko ta yi shiru ranar da ake buƙatarta. Sabuwar taya kuma tana da ɗan santsi a fatarta, don haka kilomita 200 zuwa 300 na farko ka bi ta a hankali, ba taka mai da ƙarfi, ba burkin gaggawa sai dole.